Motar Masarar da Na Bari Ta Tafi Yendi

Bawku, ranar Litinin.

Uwata,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina gaishe ki, ina gaishe da gwaggonki Lantana da duk mutanen gidanta na Yendi. Allah Ya sa takardar nan ta same ku cikin ƙoshin lafiya, Ya tsare ki a fitarki da shigarki, Ya kare ki daga sharrin hanya da sharrin mutum. Mu nan Bawku muna nan yadda kika sani. Wata rana a ci kasuwa har la'asar, wata rana in rikici ya tashi tun kafin azahar ka ga kowa ya tattara kayansa ya nufi gida ba ya waiwaye. Ba wannan ya sa na ɗauki biro ba.

Saƙon muryar da kika turo min na saurare shi sau huɗu, ina zaune a kan buhun albasa. Na gane. Nasiru, ɗan yayana Alhaji Tanko, yana da ɗan kamfani a Ankara, babban birnin ƙasar nan, can bakin teku, suna haɗa manhajar waya wadda ƙananan asibitoci ke rubuta mata masu ciki a cikinta, da ranar awonsu da maganin da aka ba su. Yana neman wadda za ta riƙa gwada abin kafin a miƙa wa mutane, ta bi shi lungu-lungu ta gano inda yake yin ba daidai ba, ta rubuta wa masu haɗawa su gyara. Ya ce zai koya miki, kuma yana son amsa ranar Juma'a. Uwarki a Salaga ta ce ba inda za ki sai na buɗe baki. Da a nan kika tsaya, da tuni na kira ki mun gama.

Amma a ƙarshen saƙon kin ce, kina 'yar dariyarki: "Baba, ai aikinka zan gada. Ni 'yar mutumin nan ce da ya tsaya tsakiyar kasuwar Salaga ya faɗi gaskiya har ya rasa garinsu."

Wannan maganar ce ta hana ni kira. A waya ba zan iya ba. Za ki ce min in bari, ni kuma in bari, don shekara goma sha ɗaya ke nan ina neman dalilin bari. Kina shirin ɗora rayuwarki a kan wani labari, kuma labarin nan ba haka yake ba. Ki karanta har ƙarshe tukuna.

Kina ƙarama lokacin da nake aikina na Salaga, don haka bari in faɗa miki yadda yake. 'Yan kasuwa na sayo masara da dawa daga Bimbila da Gushegu, kafin mota ta tashi da su ni nake dubawa. Ina da wani ƙarfe mai tsini, mai rami a ciki. In na soka shi a buhu sai ƙwayoyi su gangaro tafin hannuna. In duba, in shinshina, sannan in tauna. Masarar da ta bushe fashewa take a haƙori da ƙara. Mai damshi ba ta fashewa, lotsewa take ta manne. Har suna aka sa min, Sule Haƙori. Matan kasuwa in sun hango ni sai su ce a ɓoye buhu ga mai cin masarar mutane kyauta ya zo, in ce da su ai ko akuya ta fi ni samu, ita tana haɗiyewa.

Kuskurena na farko ƙarami ne, shi ya sa nake iya faɗarsa ba nauyi. Ina sabon shiga, wani mutumin Bimbila mai daɗin baki ya kawo kaya. Shi da kansa ya riƙa kwance bakin buhu yana zuba min a hannu, yana ja na wajen buhunan da ke bakin mota. Na duba goma, duk kamar an wanke. Na ce a tafi. Da aka isa Makango ana saukewa za a sa a jirgin ruwan Yeji, sai ga buhunan tsakiya suna motsi don ƙwari. Baba Dogo, tsohon da ya koya min aikin, bai zage ni ba. Tambaya ɗaya ya yi min: buhun da na soka, ni na zaɓa ko mai kaya?

To ki riƙe wannan. Wanda ya haɗa abu zai nuna miki hanyar da shi ya bi, kuma hanyar nan lafiya take, don ya bi ta sau ɗari. Ba lallai mugunta ce ba, kowa inda ya share yake kai baƙo. Ke kuma ba baƙuwa ba ce. Ki hau saman kaya ki soka tsakiya, ki soka ƙasa. Ban san kwamfuta ba, amma na san mutanen da za su riƙe wayar nan. Na san ma'aikaciyar asibitin ƙauye wadda gilashin wayarta ya tsage, mata ashirin na jiran ta a benci, sabis ya ɗauke tana tsakiyar rubutu, ta danna abu sau biyu don ta ga bai motsa ba. Na san gidan da ake da Fusaina uku, duk uba ɗaya ne a takarda. Ki zama waɗannan mutanen in kina gwaji. Kar ki zama Nasiru a ofis mai sanyi.

Ki kuma sani tun yanzu, aikin nan ba a gode wa mai yin sa. In kaya sun isa lafiya, mai kaya ake yabo. In sun lalace, tambayar farko ita ce wa ya duba. Shekara goma sha shida na yi ina hawa mota a rana, ba wanda ya taɓa tsayar da ni a hanya ya ce tuwon da ya ci jiya bai sa shi ciwon ciki ba. In yabo kike nema, ki nemi wani aikin. Wannan ba ɗacin rai ba ne kawai, ko da yake akwai shi a ciki.

Yanzu ga abin da ya sa na rubuta.

Wata shekara damina ta ja, har aka yi girbi sama ba ta gama zubarwa ba. Alhaji ya samu aikin kai masara wata makarantar kwana a yankin Yendi. Kin san matsayin Alhaji a wurina. Da mahaifinmu ya rasu shi ya riƙe ni. Shi ya kai ni wurin Baba Dogo. Shi ya je gidan su uwarki ya durƙusa ya nemo min aurenta. Ban taɓa kiran sunansa ba, ban taɓa zama a kujera yana tsaye ba.

Da hantsi ne. An gama lodi, direba ya tayar da mota tana ta gurnani. Na hau na soka ƙarfe a tsakiya, da na zaro sai na ji shi da ɗumi a hannuna. Masara ba ta ɗumi sai in tana gumi a ciki. Na tauna, ta lotse. Na matsa gaba na soka, haka. Na soka ƙasa, haka, har da ɗan warin nan mai kama da tsumman da bai bushe ba. Buhu takwas na gwada, shida suka ba ni amsa ɗaya. Abin da kayan nan ke bukata bai wuce a sauke a shanya kwana uku ba.

Na sauko. Alhaji na tsaye da baƙi biyu daga wajen makarantar, da wasu dattawan unguwa da suka zo taya shi murnar aikin. Ya dafa kafaɗata yana murmushi ya ce, "Sule, yaya? Motar nan yau a Yendi za ta sauke."

Zan yi masa adalci. Bai ce in yi ƙarya ba. Tambaya ta ya yi. Har yau ban sani ba ko ya san halin kayan, don ban taɓa tambayarsa ba. Masarar na cikin bakina a lokacin. Na dubi baƙin, na dubi dattawan, na ji nauyin hannunsa a kafaɗata. Sai na haɗiye ta na ce, "Lafiya lau, Yaya."

Kin san me na gaya wa kaina? Na ce ba a kunyata babba a gaban baƙi. Na ce in sun watse zan same shi shi kaɗai, a buga waya a ce su shanya in ta isa. Na ce yaran makaranta da yawa, za su cinye kafin ta lalace. Baƙin suka shiga gaban mota suka tafi da ita. Da yamma na je gidan Alhaji na tarar ana cin tuwo ana raha, na ce sai gobe. Gobe ta yi na ga ai in na faɗa yanzu zai tambaye ni me ya hana ni faɗa jiya. Haka kwanaki suka riƙa rufe min baki, kowace rana ta fi ta jiya wuya.

Bayan 'yan makonni masarar ta yi funfuna a sito. Kafin a ankara an riga an niƙa wata an yi koko da tuwo. Yara da yawa suka kwanta da ciwon ciki, wasu har asibiti. Allah Ya taƙaita, ba a rasa rai ba, kuma wannan ba da dabarata ba ne. Aka aiko Salaga bincike. Alhaji ya ce mai duba masa ya duba. Aka kira ni, na ce a bushe ta bar hannunmu. Daga Salaga har Yeji ba mai jayayya da haƙorina, don haka ba wanda ya sake tambaya. Laifi ya koma kan mai kula da siton makarantar, wata Badagomba mai suna Mma Sanatu, wadda mijinta ya rasu ya bar ta da 'ya'ya. Aka ce ta jibge buhuna a kan siminti mai sanyi. Aka sallame ta.

Na gan ta sau ɗaya bayan haka, a tashar Yendi, tana sayar da koko da ƙosai. Ita ta gane ni. Ta rusuna ta gaishe ni irin gaisuwarsu, tana ce min Afa Sule, wato Malam Sule. Ta zuba min koko ta ce in zauna. Tana juya ƙosai tana gaya min har yanzu abin na ɗaure mata kai, don ta rantse katako ta shimfiɗa a ƙasa kamar kullum, amma tunda masu sani sun ce a bushe ta zo, to ƙila idonta ne ya fara tsufa. Uwata, matar nan ta yarda da ni fiye da yadda ta yarda da hannunta. Na shanye kokon nan tas, na yi godiya, na hau mota. Ta rasu shekarun baya. Ban gaya mata ba.

Ki tsaya nan ki ji ni da kyau. Mai gwaji ba shi da shiru. In kika ga abu kika ƙi faɗa, kin ce lafiya lau ke nan, kuma da sunanki za a tafi da shi. Ranar nan za ta zo miki, ba na shakka. Gobe za a miƙa aiki, masu karɓa sun zo, kowa ya gaji, ke kuma kin ga wani wuri da ranar awon wata mata ke sauka a kan sunan wata. Nasiru zai leƙo yana murmushi ya tambaye ki yaya. Yayanki ne. Shi ya ba ki aikin, ƙila a gidansa kike kwana, matarsa ce ta zuba miki abinci da safe. Duk tarbiyyar da muka ba ki za ta taso ta hana ki magana, don mu muka koya miki sunkuyar da kai. Ba na ce tarbiyyar banza ce ba. Amma matar da za ta sha maganin da ba nata ba ba ta cikin ɗakin, ba ta da wanda zai ji kunyarta sai ke. In ba za ki iya faɗa a gaban mutane ba, ki ce masa kina son ganinsa a waje yanzu. Yanzu, ba anjima ba. Ni anjima na ce. Sannan ki rubuta ki ajiye inda wani ma zai gani, don abin da aka faɗa a baki kowa na iya mantawa, har da ke.

Saura labarin kasuwa, wanda kike alfahari da shi.

Shekara biyu na yi ina yawo da abin nan a ciki. Mutum ba ya iya tsanar kansa kullum, sai ya nemi wanda zai ɗora wa. Ni Alhaji na ɗora wa. In ya yi dariya sai in ji haushi, in ya aiko min da naman Sallah sai in ji kamar toshiyar baki ce. Rannan aka kawo masa dawa, na duba tun ranar jajibirin kasuwa, na ga buhu uku da tsakuwa da ɗan ƙwari. Abin da mata biyu da rariya za su gyara kafin azahar. Ban gaya masa ba. Na jira sai da kasuwa ta cika, masu saye daga Yeji suka kewaye motar, sannan na hau sama na farke buhu na riƙa watso dawa ƙasa ina ɗaga murya, ina cewa mutane su zo su ga abin da Alhaji Tanko ke sayar musu. Abin da na nuna gaskiya ne, akwai tsakuwa. Amma buhu uku ne cikin mota guda, ni kuma na yi kamar duka ne. Alhaji ya tsaya a ƙasa, hularsa a hannu, abin da ya ce kawai shi ne, "Sauko, Sule. Za ka faɗi."

Masu saye suka watse. Kuma ki ji, ba wanda ya kore ni. Sau biyu Alhaji ya aiko a kira ni, na ƙi zuwa. Sauran 'yan kasuwa ne suka daina ba ni kaya, kuma ban ga laifinsu ba. Wa zai ba wanda ya yi wa yayansa haka? Da ƙafata na bar Salaga na zo nan ina tsince ruɓaɓɓiyar albasa daga mai kyau. Uwarki ta ga abin da kowa ya gani, ta fassara shi yadda mace mai son mijinta za ta fassara, ta gaya muku babanku gaskiya ya faɗa aka tsane shi. Da labarin ya iso kunnena na ji daɗinsa. Na bar shi.

Don haka in kin ga aibi a aikin mutum, shi za ki fara samu. Ki nuna masa a hankali: nan na taɓa, sannan nan, ga abin da ya fito, ga abin da ya kamata ya fito. Ki bar shi ya gani da idonsa. Kar ki ƙara wa abu girma, kar ki rage masa. Buhu uku buhu uku ne. Ranar da kika kumbura ƙarami, ranar da babba ya zo ba mai saurarenki. Wanda ya haɗa abin nan ya sha wahala a kansa, ba abokin gabarki ba ne. In kuma kika ji wani daɗi na tasowa a ranki don kin kama wani da kuskure, ki tashi ki yi alwala kafin ki rubuta komai. Na san wannan daɗin, na ɗanɗana shi a saman mota.

Nasiru ban san shi da girmansa ba, rabona da shi tun yana sakandare. Kar ki ɗora masa abin da ke tsakanina da ubansa, ba shi da hannu, kuma uban nasa ma kin ji wanda ya fi laifi. Amma kafin Juma'a ki kira shi ki yi masa tambaya ɗaya, da ladabi, ba da dariya ba. Ki ce in kin ga matsala ana gobe miƙa aiki, kika ce kar a miƙa, maganar wa za a bi, kuma wa zai ga abin da kika rubuta ban da shi? Sai ki yi shiru ki saurara. In ya yi dariya ya ce haba ƙanwata, ai mu 'yan gida ne, za mu daidaita, to wannan amsar ce nake tsoro. Ki gode masa, ki nemi irin aikin a wurin waɗanda ba su san kakanki ba, ko da zai ɗauki lokaci. In kuwa ya tsaya ya ba ki amsa tiryan-tiryan, har kika ji tambayar ta ɗan dame shi, to ki tafi.

Aikin kansa na yarda ki yi shi. Ki gaya wa uwarki na buɗe baki. Aiki ne na mutunci, kuma kina da idonsa, tun kina ƙarama ke ce ke gano in an canja wa miya gishiri. Abin da ban yarda ba shi ne ki shiga don kina zaton abin a jininki yake. Ba ya cikin jini. Ni na fi kowa haƙori a Salaga, kuma kin ji abin da na yi da shi. Kowace rana sai kin zaɓa, kuma wata rana zaɓin zai zo da fuskar wanda kike jin nauyi.

Uwarki ba ta san zancen motar Yendi ba. Kar ki gaya mata. Ba kayanki ba ne, kuma shekara goma sha ɗaya tana kare ni a bakin mutane, ya kamata ta ji daga bakina. Alhaji ma haka, tun yana da rai. Direban da zai kawo miki takardar nan gobe zai sake ɗaukar albasa zuwa Salaga ranar Alhamis, ta Gushegu. Na gaya masa ya ajiye min wuri. In hanya ta buɗe, Allah Ya kai mu, za mu tsaya sallar azahar a tashar Yendi. Ba mu daɗewa, ana idarwa za mu wuce Bimbila.

In kina son ganina, kin san inda motocin albasa ke tsayawa. In ba ki zo ba, ba zan ga laifinki ba, kuma yardata na nan ba ta canja ba. Zan yi sallata in hau mota. Ba zan kira ki kafin nan ba.

Allah Ya yi miki albarka, Uwata. Ya tsare ki a hanyar Ankara in tafiyar ta tabbata, Ya haɗa ki da mutanen kirki, Ya ba ki ido mai gani da bakin da zai faɗa a lokacinsa. Ya jiƙan Mma Sanatu, Ya yafe min. Ki gaishe da gwaggonki.

Wassalam.

Babanki,
Sule